Ɗan Hamsta da Bazarar Alshajara

Idan watan Afrilu ya kama a Khartum, kowane mai gida ya san abin da ke gabansa. Tun kafin hantsi ya ɗaga, ƙofar ƙarfe ta fi ƙarfin tafin hannu, ruwan famfo kuma ya zama kamar yanzu aka sauke shi daga murhu. A watan Mayu zafin yini na yau da kullum yakan kai kusan digiri 42 a ma'aunin Salsiyos, wata rana ma ya haura 45. Mutum yana da dabarunsa: ya nemi inuwa, ya sha ruwan randa, ya watsa ruwa a jiki. Akuya ta san gindin bango, tattabara ta san inda za ta tashi ta je. Wanda ba shi da zaɓi ko ɗaya shi ne ɗan dabbar da aka kulle a keji domin yara su yi sha'awa, kuma a cikin irin waɗannan dabbobi da wuya a sami wanda zafi yake saurin kashewa kamar hamsta.

Unguwar Alshajara tana kudancin Khartum, a gaɓar Farin Nilu, kafin ya isa inda yake haɗuwa da Shuɗin Nilu daura da Omdurman. Sunanta da Larabci yana nufin bishiya, Turawan Ingila kuwa a da Bishiyar Gordon suke ce wa wurin. A nan ne babban sansanin rundunar tankokin yaƙi yake, saboda haka da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, unguwar da maƙwabtanta suna cikin wuraren da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Bayan da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris 2025, iyalai suka fara komawa gidajensu, suka tarar an lalata wayoyi da taransifomomin lantarki a unguwanni da yawa. Mun kawo wannan ne domin shawarar da aka saba ba mai kiwon hamsta a Faransa ko Ingila, wato ya kunna na'urar sanyaya ɗaki ya kwantar da hankalinsa, ba ta da amfani ga gidan da wutarsa ba ta da tabbas. Dole a nemi abin da zai yi aiki ko da wuta ko babu.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, hamsta ɗan dabba ne dangin ɓera, mai gajeriyar wutsiya da laushin gashi, nauyinsa bai cika wuce giram 150 ba, kuma shekara 2 zuwa 3 yake yi a duniya. Kada a haɗa shi da ɓeran Masar, wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba. A ɗabi'a ya fi kama da gafiya, domin shi ma yana da jaka a kowane kunci wadda yake cusa abinci ya kai maɓoyarsa. Duk wanda ya ga hamsta ya cika baki da hatsi yana sauri zuwa lungu, zai tuna da karin maganar nan ta gafiya tsira da na bakinki.

Asalin wanda aka fi kiwo daga arewacin Siriya yake. A shekarar 1930 wani masanin dabbobi na Jami'ar Ibrananci da ke Ƙudus, mai suna Israel Aharoni, ya sa aka haƙo wata uwa da 'ya'yanta a wata gona kusa da Halab, kuma daga 'yan kaɗan da suka rayu cikinsu ne mafi yawan hamstocin gida na duniya suka fito. Jin cewa daga ƙasar Sham yake ya sa wasu ke zaton dabbar zafi ce, rana ba za ta dame shi ba. Wannan zato shi ne ke halaka shi. Hamsta a dajinsa guje wa zafi yake yi. Masu binciken da suka auna ramukansa a Siriya a ƙarshen shekarun 1990 sun tarar zurfinsu yakan wuce rabin mita, wasu har mita ɗaya. A irin wannan zurfi ƙasa ba ta ɗaukar zafin tsakar rana, saboda haka yana kwance cikin sanyi alhali sama tana ci da wuta. Jikinsa kuwa ba a yi shi domin fitar da zafi ba: ba ya gumi irin namu, ba ya zaro harshe ya yi haki irin na kare. Yanayin da ya dace da shi tsakanin digiri 18 ne zuwa 24. Da an kusanci 30 ya shiga wahala, abin da ya wuce haka kuma yana iya kai shi ga mutuwa cikin ɗan lokaci.

To, mai karatu ya auna 24 da 42, zai ga girman aikin. Wanda ya sa hamsta a keji ya raba shi da raminsa, kuma duk dabarar da za mu ambata ƙoƙari ne na mayar masa da wani abu na wannan rami.

Inda za a ajiye keji

Wuri shi ne rabin magani. Kada keji ya yini a tsakar gida, ko da a ƙarƙashin rumfar da mutanen Sudan ke kira rakuba, domin inuwa tafiya take yi: inda ke da sanyi da hantsi, shi ne rana ke dukansa da la'asar, lokacin da kowa yake barcin rana ba mai lura. Kada kuma a ɗora shi a kan kabad ko a rataye shi kusa da rufin kwano, domin iska mai zafi sama take taruwa. A nemi ɗakin da ya fi kowanne kaurin bango da ƙarancin taga, wanda ba ya fuskantar yamma, a ajiye kejin a ƙasa. Tsohon ɗakin jan bulo ko na laka ya fi sabon ɗakin siminti mai kwano. Ma'aunin zafi na bango ba shi da tsada, a sa shi daidai tsayin kejin, domin abin da mutum yake ji a tsaye daban yake da abin da ke ƙasa.

Irin kejin ma abin dubawa ne. Akwatin gilashi da waɗannan bututun roba masu launi da ke burge yara suna riƙe zafi kamar motar da aka rufe a rana. Kejin waya mai zurfin gindi ya fi, saboda iska tana ratsa shi. A zuba masa shimfiɗa mai kauri, kamar taƙi guda ko fiye, ta yagaggen farar takarda, domin ya haƙa ya shige. Auduga ba ta dace ba, tana naɗe masa ƙafa, in ya haɗiye kuma ta toshe masa hanji.

Randa da 'yan uwanta

A nan ne gidan Bahaushen Sudan yake da abin da gidan Turai ba shi da shi. Randar da ake kira zir, wadda ba a rasa ta a gida ko a bakin masallaci, tana sanyaya ruwa ne ta hanyar tsattsafowar da yake yi ta jikin yumɓu: iska tana busar da danshin, tana tafiya da zafin. Da wannan hikima ce wani malami ɗan jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, daga baya kuma dabarar ta bazu a Darfur da sunan zir. Abin da ya hana tumatir ruɓewa yana iya taimakon hamsta, amma da sharaɗi: shi ba ya son jiƙa. Danshi a shimfiɗarsa yana kawo ruɓa da ciwon fata da na numfashi. Sanyin ake so ya isa gare shi, ruwan ya tsaya a waje.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sami ƙaramar tukunyar ƙasa wadda ba a shafa mata fenti ba, a kwantar da ita a kan gefenta cikin keji, a binne rabinta a shimfiɗa. Wannan ta zama ɗakinsa na rana. Wanda ya fi himma sai ya tanadi biyu, ɗaya tana ciki, ɗaya tana jingine da randa tana shan sanyi, ana musanya su bayan azahar. Gutsuren tayil ko faffaɗan dutse mai santsi shi ma yana yi, za ka ga ya baje cikinsa a kai. Sa'annan a jiƙa buhun algarara ko tsohon tawul, a matse shi sosai, a rataya a gefen da iska ke shigowa, da ɗan tazara yadda haƙoransa ba za su kai ba, kuma kada a rufe kejin duka. A watannin Maris zuwa Mayu, da iskar Khartum take bushe ƙarau, wannan yana rage zafi ƙwarai. Da damina ta shigo a Yuli da Agusta, iska ta yi nauyi, amfaninsa yana raguwa. Kada kuma a saki jiki bayan damina, domin zafi yakan dawo a ƙarshen Satumba da Oktoba.

Idan an sami ƙanƙara, a zuba ta cikin gora, a naɗe da tsumma, a jingina a jikin keji ta waje, a gefe ɗaya kawai, domin ya matso in yana so, ya ja da baya in ya ishe shi. Fanka kuwa, ba ta yi masa abin da take yi mana, tunda ba shi da gumin da za ta busar. Amfaninta shi ne ta juya iskar ɗaki ko ta busa jiƙaƙƙen buhun, ba a saita ta a kansa.

Ruwan sha a canja shi safe da yamma. Gorar nan mai ɗan ƙwallon ƙarfe a baki takan toshe ba a sani ba, saboda haka a riƙa taɓa bakin da yatsa a ga ko yana ɗiga, a kuma ajiye ɗan kasko mai nauyi da ruwa kaɗan a gefe. Da yamma a ba shi ɗan yankan gurji ko kokwamba ko kankana, kamar girman farcen babban yatsa, ba fiye ba, domin yawansa yana sa zawo. Da safe a bincika maɓoyarsa a kwashe ragowar, domin halinsa na ɓoyo yana sa ɗanyen abu ya ruɓe, tururuwa su yi masa dandazo. Albasa da tafarnuwa da lemun tsami ba abincinsa ba ne.

Akwai abubuwa biyu na gidajenmu da littattafan Turai ba su san da su ba. Na farko habub, guguwar ƙurar nan da ke turnuƙe gari daga Mayu zuwa Yuli. In an hango ta a rufe tagogi, a yafa wa keji ƙyalle mara kauri, da ta wuce a cire nan take a canja ruwa. Na biyu hayaƙi: turaren wuta da iyayenmu mata ba sa rabuwa da shi, da maganin sauro na ƙonawa ko na fesawa. Huhun da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, ba zai ɗauki abin da namu ke ɗauka ba. A fitar da keji daga ɗakin kafin a kunna.

Alhakin da ke kan mai keji

Shari'a ba ta hana yaro kiwon ɗan dabba don sha'awa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ƙanen Anas ɗan Malik, wanda ake wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Su ne kuma suka ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Wanda ya kulle, shi ya ɗauki nauyi, kuma tunda yaro bai kai munzalin ɗauka ba, nauyin yana kan uban da ya biya kuɗin da uwar da ke gida.

Saboda haka a ganinmu gara a faɗi gaskiya tun kafin a saya. Tukunya da jiƙaƙƙen buhu suna rage 'yan digirori ne, ba za su mayar da 42 ta koma 24 ba. Gidan da ma'auninsa ke wuce 32 a ɗaki mafi sanyi, kwana da kwanaki, kuma ba shi da wutar sola ko wata hanya tabbatacciya, ya haƙura da hamsta. Tattabaru sun saba da wannan ƙasa, suna koya wa yaro kula da rai daidai yadda hamsta zai koya masa, kuma in rana ta yi tsanani suna da fukafukai. Zomo ma, da ake gani kamar ya fi ƙwari, zafi yana kayar da shi da zarar an wuce 30, sai dai in an bar shi ya yi rami a inuwa.

Wanda kuma ya riga ya saya, ya koya wa yaransa alamun haɗari. Hamsta da rana barci yake yi, wannan ba ciwo ba ne, kuma bai kamata a tashe shi a yi wasa da shi cikin zafi ba. Amma in an gan shi ya fito fili ya baje, numfashinsa yana sauri, haɓarsa da ƙirjinsa sun jiƙe da yawu, yana tangaɗi ko karkarwa, ko an taɓa shi bai motsa ba, to zafi ya buge shi. A ɗauke shi a hankali zuwa wuri mafi sanyi, a ɗora shi a kan tsumman da aka jiƙa da ruwan randa aka matse, a shafa masa ruwan a kunnuwa da tafin ƙafa. Kada a tsoma shi cikin ruwa, kada a sa masa ƙanƙara, domin sanyin farat ɗaya yana iya ƙarasa shi. In ya farfaɗo a miƙa masa ruwa ɗigo ɗigo a gefen baki, ba a ɗura wa wanda bai dawo hayyacinsa ba. Daga nan a nemi likitan dabbobi ko da ya miƙe, a tafi da shi cikin kwali mai huji da jiƙaƙƙen tsumma a kai, a riƙe kwalin a cinya, domin ƙasan raksha ko na mota yakan yi zafi. Duk wanda ya taɓa shi ko kejinsa ya wanke hannu da sabulu kafin ya kusanci abinci ko moɗar randa.