Yadda Tarihin Turanci Ke Sa Marubuta Tuntuɓe

Tun daga 1998, lokacin da aka buɗe dandalin FanFiction.net a intanet, matasa a sassan duniya ke aron taurarin littattafai da finafinan da suke so, kamar su Harry Potter, suna ƙaga musu sababbin labarai. Irin wannan rubutu ba ya bi ta hannun edita. Saboda haka kuskuren marubuci kai tsaye yake isa ga mai karatu, wanda kan watsar da labari tun a shafin farko in ya yi tuntuɓe sau biyu ko uku.

Da yawa daga cikin kurakuran nan tarihin harshen ne ya haife su. A 1476 William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, daga nan kuma rubutun kalmomi ya fara daskarewa, alhali furucin wasula bai gama sauyawa ba, sauyin da ya soma tun wajen 1400. A da can "meet" da "meat" furucinsu daban ne; yau kunne ba ya raba su. Haka "knight" da "night", wato barde da dare, domin a wancan zamani ana furta harafin k. Marubucin da ya manta da shi sai ya ɗora dare bisa doki, har ya rataya masa takobi.

Wanda ya fi wahalarwa shi ne "its" da "it's". Na farko mallaka yake nunawa, na biyu gajarcewar "it is" ne ko "it has". Mai rikita su yana da ɗan uzuri, tun da yake har cikin ƙarni na 18 marubutan Ingila kan sa wa na mallakar wannan waƙafin sama. "Lie" da "lay" kuwa, kwanciya da kwantarwa, tarkonsu shi ne shuɗaɗɗen lokacin na farko ma "lay" ne.

Bahaushe matsalarsa ta juya baya: "gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, baki ne ke raba su.

Manhajar da ke duba harufa kawai ba ta kama irin wannan kuskure, domin kowace kalma daidai take in an ware ta. Shi ya sa marubutan suka ɗauki al'adar miƙa labari ga wani ɗan'uwansu, ya karanta kyauta, ya yi gyara kafin a saki.