Ayarin Masu Keke: Yini Guda A Saharar Sudan

Daga Wakilinmu na Arewa

Wanda ya taɓa tuƙa keke daga Ikko zuwa Badun, in akwai shi, to ya ɗanɗana abin da mahayan Tour d'Afrique ke yi a yini guda. Su kuwa gobe ma sai su sake, jibi ma haka, har tsawon watanni. Wannan tafiya wani mutumin Kanada mai suna Henry Gold ne da abokan aikinsa suka ƙirƙiro ta, aka fara a 2003 da mahaya 33. A da akan tashi daga gindin dalar Giza ta Masar a watan Janairu, a sauka Cape Town ta Afirka ta Kudu a watan Mayu, tafiyar kilomita kusan 12,000, watau fiye da Ikko zuwa Kano sau 10.

Bari mu ɗauki rana ɗaya cikin shekarun da ayarin ke ratsa Sudan, tsakanin Wadi Halfa da Dongola, bayan sun ƙetare tafkin Nasser daga Aswan.

Tun da duhun asuba ake tashi, gama sanyin sahara a watan Janairu yana shiga har ƙashi. Kowa ya naɗe tantinsa, ya kai jakarsa babbar motar kaya, ya miƙa kwano a zuba masa kunu da shayi, ya cika gorunansa da ruwa. Ba a jiran kowa. Da gari ya waye sai ka ga an hau hanya bibbiyu, uku-uku, mai ƙarfi a gaba yana tare wa na baya iska, in ya gaji ya koma baya wani ya karɓa.

Dalilin sammakon nan rana ce. Abin da mutum bai ci na hanya ba kafin hantsi ya dubi ludayi, sai ya biya shi da gumi. Tafiyar yini takan kai kilomita 120, kuma a shekarun farko wannan hanya babu kwalta, sai yashi da gargada, inda taya ke nutsewa mahayi ya sauka ya tura. Daga baya aka shimfiɗa kwalta, tafiya ta yi sauƙi, amma ƙishirwa tana nan yadda take. A nan ne baƙin ke ganin halin mutanen Sudan: randunan ƙasa a bakin hanya ƙarƙashin rumfa, cike da ruwan sanyi, sadaka ga duk mai wucewa, ba a tambayar sunansa balle addininsa.

Wajen rabin hanya motar abinci na tsaye tana jira da burodi da 'ya'yan itace. Wanda ya galabaita yana iya ɗora kekensa a mota a kai shi zango, ba mai yi masa dariya. Sai dai akwai wata daraja da ake ba wanda ya tuƙa kowane taƙi na hanyar daga Masar har Cape Town bai taɓa hawa mota ba, kuma saboda ita za ka ga babban mutum na fama da gudawa, sirdi ya ji masa ciwo a mazaunai, amma ya ƙi sauka. A ganina taurin kai ne, amma kuwa da taurin kan ake isa.

Da la'asar ake shiga zango, sau da yawa fili ne fetal ba gida ba rijiya. Miya mai gishiri ake fara sha domin mayar da abin da gumi ya kwashe. Sa'an nan a kafa tanti, a yi faci, a share yashi daga sarƙa a sa mata mai. Wanka kuwa sai ranar hutu, ruwan da ke cikin mota na sha ne da dahuwa. Kafin tuwon dare shugaban tafiya yakan tara jama'a ya faɗi nisan gobe da inda za a karkata. Ana yin isha'i zango ya yi tsit.

Duk wanda ya ji labarin fatake daga bakin kakansa zai gane tsarin nan: ga madugu, ga jagaba, ga zango, motoci ne kawai suka maye gurbin jakuna. Bambancin shi ne waɗannan dubban daloli suke biya domin su sha wahalar.

A wancan lokaci, bayan Khartoum, ayarin kan nufi iyakar Habasha ta ƙasar Gadarif, inda mahayi zai iya jin Hausa a kasuwa. Jikokin alhazanmu ne da suka taka da ƙafa zuwa Makka suka yada zango a can, da kuma zuriyar waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Su shekaru suka yi a hanya, suna noma suna ƙodago domin guzuri.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 wannan hanya ta toshe, kuma cikin miliyoyin da suka bar gidajensu har da Hausawan can.