Me Ya Sa Asusun Biya na Intanet Ke Ƙin Wasu Katunan Lodi?

Duk wanda ya taɓa son biyan kuɗin wani kwas, ko sayen kaya a shagon intanet na ƙasar waje, ko biyan Facebook kuɗin talla, ya san galibi ba ta yiwuwa sai da kati. Mutane da yawa kuma ba sa son miƙa katin bankinsu, wanda albashi ko jarin kasuwa ke kwance a bayansa, ga kamfanin da ba su san ƙofar ofishinsa ba. Shi ya sa katin lodi ya samu karɓuwa, wato katin Visa ko Mastercard da mutum ke zuba wa kuɗi tukuna, kuma ba ya iya kashe fiye da abin da ya zuba. Wani na roba ne da banki ke bayarwa, irin Africard na bankin UBA, wani kuwa lambobi ne kawai a cikin manhajar waya, wanda matasa ke kira katin dala. Dabarar ba ta wuce ta mai zuwa cefane ba, wanda ke sa kuɗin cefane a aljihu ya bar sauran a gida. A ganina dabara ce mai kyau, kuma haɗa irin wannan kati da asusu kamar PayPal ya fi haɗa katin albashi kwanciyar hankali. Inda ake tuntuɓe shi ne zaton cewa tunda kuɗin na cikin katin, ba ruwan kowa da sanin mai shi. Yawancin wahalar da ake sha wajen haɗawa daga wannan zato take tasowa.

Idan mutum ya shigar da lambobi 16 na katinsa, da ranar ƙarewar aikinsa, da lambobi uku na bayansa, tambaya biyu kamfanin ke yi. Ta farko, katin yana raye? Ta biyu, wanda ke gaban waya shi ne mai katin? Don amsa ta farko sai ya aika wa bankin da ya fitar da katin buƙatar riƙe ɗan kuɗi kaɗan na wucin gadi. Don amsa ta biyu, PayPal kan cire dala 1.95 ko kwatankwacinta, ya maƙala lambobi huɗu a jikin bayanin cirar, sannan ya ce mutum ya duba bayanan katinsa ya kawo lambobin. Idan ya kawo, a mayar masa da kuɗinsa. Hujjar a fili take: ɓarawo na iya kwafe abin da ke rubuce a jikin kati, amma da wuya ya iya leƙa bayanan shige da ficen kuɗinsa. Daga nan ake gane abin da ke kayar da katuna da yawa. Katin da babu ko sisi a cikinsa zai faɗi tun a tambayar farko, katin da mai shi ba shi da hanyar ganin bayanansa kuma zai faɗi a ta biyu.

Akwai abin da katin ke faɗa game da kansa tun mai shi bai ce uffan ba. Lambobi shida zuwa takwas na farko suna nuna bankin da ya fitar da shi, da ƙasar da ya fito, da kuma ko na lodi ne ko na bashi. Saboda haka kamfani na iya ƙin dukan katunan lodi a dunƙule, kuma masu karɓar kuɗin wata-wata kan yi hakan, domin sun san ranar sabunta biya za ta iya tarar da katin wayam. Sai batun adireshi. A Amurka da Birtaniya da Kanada ana gwada adireshin da mutum ya rubuta da wanda ke wurin bankin, katin kyauta da aka saya a kanti ba tare da rajista ba kuwa ba shi da adireshin da za a gwada. Yawancin katunan kyauta na Visa da ake sayarwa a Amurka ma an rubuta a jikinsu cewa a can kawai suke aiki. Ɗan uwan da ya aiko da irinsa Kano ko Maraɗi ya yi niyyar alheri, amma katin ba zai shiga asusun da aka buɗe da adireshin gida ba.

Mai karatu na iya cewa wannan neman fitina ne. Kuɗi na ciki, ba bashi aka ce a ba shi ba, to me ya kawo tambayar suna da unguwa? Tambayar tana da nauyi, musamman ga wanda ya san irin cinikin da kamfanoni ke yi da bayanan mutane. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. A tsarin Visa da Mastercard, mai kati na da ikon kai ƙara bankinsa cewa bai san da wata cira ba, a janyo kuɗin daga hannun mai shago bayan kaya sun riga sun tafi. 'Yan damfara sun daɗe da gano wannan ƙofa, kuma katin da ba a san mai shi ba shi ne ya fi yi musu sauƙi. An ga ƙarshen abin a watan Yulin 2022, lokacin da Union54, wani kamfanin ƙasar Zambiya da ke fitar wa manhajojin Afirka da dama katunan dala, ya dakatar da aikinsa saboda irin wannan damfara. Barter na kamfanin Flutterwave na cikin waɗanda suka rufe katunansu a lokacin, kuma masu gaskiya ne suka wayi gari katunansu sun daina aiki. Hukumomi ma hanyar neman sanin mai kati suka bi. A Amurka, dokar da ta fara aiki a Afrilun 2019 ta ba masu katin lodi kariya idan an sace musu kuɗi, amma cikar kariyar na ga wanda ya yi wa katinsa rajista. A Najeriya, Babban Banki ya umarta a Disambar 2023 cewa ko ƙaramin asusun waya sai an haɗa shi da lambar tantancewa ta banki (BVN) ko lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN).

Dole a yi wa 'yan Najeriya adalci a nan, domin ba son ɓuya ne ya tura yawancinsu ga katin dala ba. PayPal ya buɗe wa ƙasar ƙofa a 2014, amma a lokacin don biya kawai, ban da karɓa. A 2022 kuma, da dala ta yi ƙaranci, bankuna suka rage abin da katin naira ke iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe baki ɗaya, sai a 2025 suka fara sake buɗewa. Ƙuncin gaskiya ne. Amma mafitar da wasu ke sayarwa, ta buɗe asusu da adireshin wata ƙasa a maƙala masa kati mai wani suna, tarko ce. Ranar da kamfanin ya nemi katin shaida aka kasa kawowa, zai daskarar da asusun, kuma ƙa'idojin PayPal sun ba shi damar riƙe kuɗin har kwana 180.

Ƙorafi na biyu, wanda ya fi na tambayar suna da unguwa ƙarfi, shi ne tsada. Akwai kuɗin buɗe kati, akwai na lodi, ga farashin canji da kan ɗara na kasuwa, wasu manhajojin har tara suke ci idan aka nemi cira babu isasshen kuɗi, su kuma soke katin idan abin ya maimaitu. Ga mai biyan manyan kuɗaɗe a kai a kai, asusun dala na banki da katinsa na iya fi masa araha, ba na musun wannan. Ga mai ƙaramin biya jefi-jefi kuwa, abin da yake saya da wannan ƙarin shi ne sanin iyakar asararsa: idan an sace lambobin, abin da ya loda ne kaɗai zai tafi. Wannan iyaka tana tsayawa ne kawai idan bai mayar da katin ma'ajiya ba, domin duk abin da ya tara a ciki yana hannun kamfanin da zai iya tsayawa cak kamar yadda aka gani a 2022. Tana kuma rushewa idan ya haɗa asusun bankinsa a gefe, tunda kamfanin na iya juyawa can idan katin ya gaza. Sai wani abu da ake yawan mantawa: idan mai shago ya mayar da kuɗi, katin da aka biya da shi suke komawa. Wanda ya yar da katinsa ko ya goge shi daga manhaja da zarar ya gama sayayya, zai shafe makonni yana rubuta wa masu kula da abokan ciniki kafin ya ga kuɗinsa.