Jema: Ciyawar da Ke Riƙe Gaɓar Fadama

Duk wanda ya ratsa fadamar Rima tsakanin Argungu da Birnin Kebbi da kaka, zai ga jema ta yi tsiri-tsiri, ganyenta ya fara komawa ruwan zinariya. Masana tsirrai suna kiranta Chrysopogon nigritanus. Ciyawa ce mai shekaru, wato ba ta mutuwa da wucewar damina. Gindinta yakan sake toho kowace shekara.

Me ya sa take rayuwa inda gero zai ruɓe? Saiwa tana bukatar iska kamar yadda ɗan Adam yake bukata, ƙasar da ruwa ya kwanta a kanta kuwa ba ta da isasshiyar iska. A cikin saiwar jema akwai ƙananan kafofi da ke kai iska daga sama zuwa ƙasa. Saiwar kuma tana nutsawa tsaye, ta saƙe kamar taru, ta riƙe ƙasa. Saboda wannan hali ne Bankin Duniya ya yaɗa 'yar'uwarta ta Indiya tun shekarun 1980, domin hana zaizayar ƙasa.

Dashenta ba wuya. A farkon damina a tono gindi guda, a rarraba shi, a datse ganyen ya rage kamar santimita 20, sannan a dasa a jere, da tazarar santimita 15. A yi ta ba ta ruwa har ta kama.

Makarantar da ke da wuri mai dausayi, ko bakin famfo da ruwa ke kwanciya, ta gwada. Ɗalibai za su ga aikin saiwa da idonsu, a kuma sami abin saƙa zana.