Kuɗin ƙungiyar mahaya: dokin gida za a fara dubawa ko gasar waje?

A Allakaye, kamar sauran garuruwan Bouza, Keita da Madaoua, har yanzu doki na da daraja. Ana hawansa ranar salla, ana sukuwa da shi a biki. Amma duk inda masu dawaki suka haɗa ƙungiya suna zuba kuɗi, wata tambaya kan taso: shin a ɗebi kuɗin asusu a tallafa wa gwani guda ya je babbar gasa a waje, ko kuwa a kashe su a gida?

Kafin a amsa, ya kamata a san yadda babbar gasar take. Tseren dogon zango ya bambanta da sukuwar da aka saba gani a filin Yamai ko na Maradi. A gasar duniya doki na cin kilomita 160 cikin yini ɗaya. Ana raba tafiyar zango-zango, kuma a ƙarshen kowane zango likitan dabbobi na duba dokin. Sai bugun zuciyarsa ya sauko zuwa 64 a minti ɗaya kafin a bar shi ya ci gaba. Dokin da ke ɗingishi fitar da shi ake yi, ko da shi ya fara isowa. Hukumar FEI, wadda aka kafa a 1921, mai mazauni a Lozan ta ƙasar Suwis, ita ke kula da wasan.

Masu son a ba da tallafin na da hujja. Gwani ɗaya da ya yi suna yakan jawo hankalin matasa da attajirai, ya ɗaga farashin dawakin yankinsu. Kuma dokin da ya tashi cikin duwatsun Adar, ya saba da zafi da ƙarancin ruwa, juriyarsa ita ce ainihin abin da wannan wasa ke nema.

Sai dai akwai abin dubawa. A manyan gasanni, attajiran ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ne suka fi ƙarfi. Sarkin Dubai, Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum, da kansa ya ci gasar duniya a Ingila a 2012. Yawan kuɗi da neman gudu sun jawo karayar dawaki da ba su ƙwayoyi, har FEI ta dakatar da hukumar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a watan Maris na 2015. A Amurka ma, ƙungiyar mahayan dogon zango ta AERC, wadda akasarin mambobinta masu hawa don sha'awa ne, ta raba gari da hukumar wasannin dawaki ta ƙasar a 2019. Ga kuma cutar dawaki ta Afirka, wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa: saboda ita Turai ke tsananta sharuɗɗan shigar da doki daga kudu da Sahara.

Ƙungiyar ƙauye ba za ta iya wannan nauyi ba. Jika biyu ko uku da mamba ke zubawa, da bazara ma ba su isa kuɗin harawa da dusa. Idan aka kwashe su don tafiyar mutum ɗaya, dawakin sauran ne za su rasa allurar rigakafi da maganin tsutsa. Ɗaukar nauyin wakilin ƙasa aikin hukumar wasannin dawaki ta Nijar ne, wato FENISEQ, da ma'aikatar wasanni da masu hannu da shuni.

Wannan ba ya nufin a juya wa gwani baya. Wanda ya ga dama ya ba da gudummawa daga aljihunsa, asusu kuma ya tsaya ga aikin gida. Abin da ya fi dacewa a aro daga gasar duniya shi ne dokar likita. Ƙungiya na iya shirya tafiyar kilomita 20 ko 30 da sanyin safiya, ta gayyato malamin dabbobi ya duba kowane doki kafin tashi da bayan isowa, a ba da kyauta ga wanda dokinsa ya iso lafiya. Daga irin wannan fili ne ake samun gwanin da zai je Tahoua, daga nan Yamai.