Rainon Kaɗaici da Rainon Haɗaka: Wanne Ya Fi Tono Magani Daga Teku?

Cokalin shayi ɗaya na ruwan teku yana ɗauke da miliyoyin bakteriya, ban da fumfuna da sauran ƙananan halittun da ke maƙale a laka da jikin ciyawar teku. Da yawansu suna sarrafa sinadaran da za su iya zama magani. Masu bincike suna da hanyoyi biyu na fito da waɗannan sinadarai: ko a ware iri ɗaya a rene shi shi kaɗai, ko a zuba iri biyu a mazubi guda su yi zaman tare.

Rainon kaɗaici shi ne tsohon hannu. Robert Koch na Jamus ya kafa shi a shekarun 1880, mataimakinsa Julius Petri kuma a 1887 ya fito da farantin da ake amfani da shi har gobe. Falalarsa ita ce tabbas. Duk sinadarin da aka tsinta a farantin, an san mai shi, kuma in wani masani a wata ƙasa ya maimaita gwajin zai samu abu iri ɗaya. Ta wannan hanya aka ci moriyar fumfunar da Giuseppe Brotzu ya ɗebo a 1945 daga ruwan teku kusa da magudanar ƙazanta a tsibirin Sardiniya na Italiya, wadda ta haifi dangin magungunan sefalosforin da asibitoci ke yi wa marasa lafiya allura da su yau. Haka nan a 2003 ayarin William Fenical da Paul Jensen na cibiyar Scripps a Kaliforniya suka ba da rahoton salinosporamide A, daga bakteriyar Salinispora tropica ta lakar tekun Bahamas, har aka kai ga gwada shi kan masu ciwon daji.

Sai dai kaɗaici yana da gibi biyu. Na farko, kusan kashi 1 cikin 100 na bakteriya ne kawai ke yarda su tsiro a faranti. A 2010 masana a jami'ar Northeastern ta Boston suka gano ɗaya daga dalilan: wasu bakteriyar yashin gaɓar teku ba sa iya janyo sinadarin ƙarfe da kansu, sai maƙwabta sun saki abin da ke kamo musu shi. Raba su da maƙwabtan nan daidai yake da hana su abinci. Na biyu, wanda ya tsiro ɗin ma yakan rufe bakinsa. Da aka karanta kundin gadon Salinispora tropica a 2007, an ga kusan kashi 10 cikin 100 nasa na sarrafa irin waɗannan sinadarai ne, alhali kaɗan daga ciki aka taɓa gani a kwalba. Haɗa sinadari yana cin ƙarfi, halittar da ta samu abinci a sauƙaƙe ba tare da abokin gaba ba kuwa ba ta da dalilin wahalar da kanta. Ɗan dambe ba ya ɗaure hannu sai ya hango abokin karawa a fage.

Rainon haɗaka kawo abokin karawar yake yi da gangan. A 2001 ayarin Fenical suka zuba wata bakteriyar teku cikin kwalbar fumfunar Pestalotia, sai fumfunar ta fitar da pestalone, sinadarin da ba ta yi in tana zaune ita kaɗai, wanda ya nuna ƙarfi kan ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani. A 2007 aka haɗa fumfunar Emericella da bakteriyar Salinispora arenicola, yawan sinadarin emericellamide ya ninka kusan sau 100. A 2017 ayarin Tim Bugni na jami'ar Wisconsin suka haɗa bakteriyar Micromonospora da ta Rhodococcus suka samu sinadarin keyicin.

Nasarar tana zuwa da rikicinta. In sabon sinadari ya bayyana, wa ya yi shi cikin biyun? Wani lokaci ɗaya yakan danne ɗaya kafin a ga komai, shi ya sa ake raba su da matata mai barin sinadari ya wuce amma ta tare halittar. Lissafi ma yana da nauyi: iri 100 gwaji 100 ne a kaɗaice, amma in za a haɗa su bibbiyu, gwaji 4,950 ke nan. Abin da ya yiwu a ƙaramar kwalba kuma yakan ƙi maimaituwa a tankin masana'anta. Pestalone kansa, da masana a Jamus suka harhaɗa shi daga baya suka sake gwadawa, ƙarfinsa bai kai yadda aka fara ba da rahoto ba, kuma daga shi har keyicin babu wanda ya zama maganin da likita ke rubutawa.

In an ɗora su a sikeli, haɗaka ta fi gwanintar tono abin da ke ɓoye, kaɗaici kuma ya fi iya tabbatar da shi da samar da shi da yawa. Saboda haka tsarin da ya fi ma'ana shi ne a fara da haɗaka, in sinadari ya fito a gano mai shi da abin da ya tunzura shi, sannan a koma kaɗaici a riƙa ba shi wannan abin tunzurin kai tsaye. Buƙatar kuwa ta gaggawa ce. Bakteriya masu bijire wa magani sun kashe kimanin mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asarar rayuka.