Shin Ko Kun San? Daga Akushin Damari Zuwa Teburin Sifaniya

Shin ko kun san cewa tuwon masarar da ake kwashewa yau a Damari da Sabuwa da Faskari baƙo ne a ƙasar nan? Masara 'yar Meksiko ce, kuma ba ta tsallako teku ba sai da Kolumbus ya koma Sifaniya da ita a 1493. Daga can ta bazu, ta bi jiragen ruwa da ayarin fatake har ta iso mana. Ko da ta iso, ta daɗe a bayan gida: 'yan kunyoyi kaɗan inda taki ya taru, a gasa ko a dafa a rage yunwar damina kafin sabon hatsi ya shigo. Abin da ya kai ta rumbu shi ne shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Shirin ya zo da takin zamani mai rahusa, da ingantaccen iri, da hanyoyin karkara, ya kuma tarar da ƙasa mai laka da wadatar ruwan sama. Cikin 'yan shekaru dawa ta matsa wa masara wuri. Dattijon da ya haura saba'in a yankin nan da tuwon dawa aka yaye shi, jikansa kuwa farin tuwo ya buɗe ido ya gani.

Shin ko kun san ba masara kaɗai ba ce? Barkono da attaruhu da tattasai da tumatir, gyaɗa da rogo da dankali, har gwanda da abarba, duk daga nahiyar Amurka suke, kuma jiragen Sifaniya da Fotugal ne suka fito da su duniya. Kafin zuwansu, yajin kakanninmu citta ne da masoro da kimba. Namu na gado su ne dawa da gero da wake da gujiya, da kuka da kuɓewa, da daddawar kalwa. Ke nan miyar kuka ta girmi jar miya nesa ba kusa ba, kuma ina jin zafin yadda wasu 'yan birni ke yi mata kallon abincin babu.

Shin ko kun san mutanen Sifaniya ba sa zama cin abincin rana sai wajen ƙarfe 2 ko 3, na dare kuwa sai 9 ko 10? Maƙwabtansu Turawa sun daɗe suna mamakin wannan. Babban dalilin yana jikin agogo. Bisa inda ƙasar take, lokacinta ya kamata ya zo daidai da na Ingila da Fotugal. Amma a watan Maris na 1940 gwamnatin Janar Faranko ta tura agogo gaba da awa ɗaya don ya dace da na tsakiyar Turai, kuma har yau ba a mayar ba. Jama'a suka ci gaba da bin rana kamar yadda suka saba, sai wanda ke ci ƙarfe 1 ya wayi gari yana ci ƙarfe 2. Da bazara ana ƙara wata awar, har rana kan kai kusan ƙarfe 10 saura kwata ba ta faɗi a Madrid ba. Da hunturu kuwa agogon Madrid da na Katsina ɗaya ne, ba bambancin ko minti.

Mu a nan ba agogo ke kiran tuwo ba. Hantsi, azahar, magariba, isha: rana da salla su ne ma'auni. Ka ce wa uwargida a Ƙanƙara a sauke tuwo ƙarfe kaza, za ta tambaye ka kafin isha ko bayanta.

Shin ko kun san su da rana suke cin mai nauyi, mu kuwa da dare? A Sifaniya abincin rana shi ne babba: a fara da miya ko ganye ko wake, a kawo nama ko kifi, a rufe da 'ya'yan itace ko kayan zaƙi. A tsakiyar shekarun 1960 gwamnati ta wajabta wa gidajen abinci su tanadi irin wannan cikakken ci a kan ƙayyadadden farashi. An yi dokar ne don 'yan yawon buɗe ido, sai ma'aikatan ƙasar suka rungume ta, kuma al'adar na nan har gobe. Na dare a wurinsu mai sauƙi ne, ƙwai da dankalin Turawa ko ɗan kifi.

A gidan manomin Damari lissafin daban ne, kuma gona ce ta tsara shi. Tun da asuba maza sun fita. Da safe ɗumamen jiya ne, ko koko da ƙosai. Rana ta take, yara su kai fura ko ɗanwake ko dambu gona, abin da zai riƙe ciki bai kashe jiki ba, don akwai sauran aiki, wani ma zai wuce gayaunarsa bayan an tashi daga gandu. Tuwo kuwa yana son lokaci: surfe, wanki, niƙa, tankaɗe, talge, tuƙi. Ba ya kammaluwa sai yamma, daidai lokacin da kowa ya dawo gida. Kuma da gangan ake yin sa da yawa, domin ragowar ita ce karin kumallon gobe. Babu abin da ke zuwa bola.

Su ma manoman kudancin Sifaniya suna da abin kashe ƙishin gona. Sunansa gazpacho: busasshen burodi da tafarnuwa da man zaitun da ruwan tsami da ruwan sanyi, a daka a sha. Tumatir daga baya ya shiga ciki.

Shin ko kun san barcin rana da aka san Sifaniyawa da shi, wanda mu muke kira ƙailula, yawancin ma'aikatan biranensu yau ba sa samun sa? Shaguna dai a ƙananan garuruwa suna rufewa daga wajen ƙarfe 2 zuwa 5, saboda zafin rana da kuma abinci a gida.

Shin ko kun san Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar kusan shekara 800, daga shigar Ɗariƙu bin Ziyad a 711 zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492? Tukunyar Sifaniya ba ta manta ba. A zamanin Andalus ne noman shinkafa da rake da lemon tsami da alayyafo ya kafu a can, tare da dabarun ban-ruwa. Ana jingina wa Ziryab, mawaƙin da ya taso daga Bagadaza ya isa Ƙurɗuba a 822, tsarin kawo abinci bi da bi, miya a gaba, zaƙi a ƙarshe. Shinkafar nan tasu da ta yi suna a duniya, paella, a fadamun Balensiya aka haife ta, abincin 'yan ƙodago ne da ake dafawa da itace a bakin gona, a kewaye faffaɗan kasko kowa ya ci gabansa. Abin da suka fi so a cikinta shi ne wanda ya kama a gindin kasko. Ƙanzo ke nan, wanda yaranmu ke rububi a kansa.

Manoman rani na Ɗanja da Bakori za su so jin wannan: a Balensiya akwai kotun ruwa da ke zama duk ranar Alhamis da tsakar rana a ƙofar babbar majami'ar garin. Alƙalanta manoma ne da 'yan'uwansu suka zaɓa. Wanda ya sha ruwa ba ranarsa ba, ko ya toshe wa maƙwabci magudana, a nan ake yanke masa hukunci da baki, nan take. Mutanen garin suna danganta asalinta da zamanin Musulmi, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2009.

Shin ko kun san akwai lokacin da abin da mutum ya ƙi ci kan kai shi gaban alƙali a Sifaniya? Bayan 1492 an tilasta wa Yahudawa, sannan Musulmi, shiga Kiristanci ko barin ƙasa. Kotunan binciken aƙida suka sa ido a kan madafa. Ƙin naman alade, yin girki da man zaitun a maimakon kitsensa, ƙin cin abinci da rana a watan Ramadan, duk sun zama hujja a kan mutum. Masana tarihi na ganin wannan na cikin abin da ya ƙara wa naman alade matsayi a ƙasar. A 1609 aka fara korar jikokin Musulmin gaba ɗaya. Addini ya tsara wa Sifaniyawa wasu abubuwan ma: azumin Kirista kafin Ista, da barin nama ranar Juma'a, su suka cika kasuwanninsu da busasshen kifi mai gishiri. Mu ma ai haka ne. Wa ke neman kunun tsamiya da ƙosai da yamma in ba da azumi ba? Kuma wane wata ne gidan talaka ke ƙamshin suya kwana da kwanaki in ba na layya ba?

Shin ko kun san a Sifaniya in an gama ci ba a tashi? Ana zama a tebur ana hira, wani lokaci awa guda ko fiye, kuma tashi da wuri rashin ladabi ne. Mu yaro ake koya wa ya yi shiru a kan abinci, ya ci gabansa, ya ci da dama, kada ya riga babba kai hannu ga nama. Hirarmu bayan an wanke hannu take. Amma a wajen tarayya ba su fi mu ba. Ciyayya ita ce shaida: bayan magariba kowane magidanci a fito masa da kwanonsa zaure ko ƙofar gida, a jera, a buɗe ɗaya bayan ɗaya. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya ci ba wanda ya sani, baƙo ya ci, almajiri ya samu. Wannan al'ada ce rashin tsaro ya fi taɓawa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a shekarun nan. Inda gonar nesa ta gagara zuwa, rumbu ya ragu. Inda dare ya zama abin tsoro, zaman ƙofar gida ya gajarce. Iyalan da suka gudo cikin gari sun koma awo da kwano, su da suke kai buhuna kasuwar Dandume da Sheme. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Shin ko kun san Sifaniya ce kan gaba a duniya wajen samar da man zaitun, kuma lardin Jaén ne cibiyarsa? A 2010 UNESCO ta karrama tsarin cin mutanen gaɓar Bahar Rum, mai yawan ganye da wake da kifi da man zaitun, kuma Sifaniyawa na cikin masu tsawon rai a duniya, sama da shekara 80 a matsakaici. Duba abin da likitoci ke yabo a ciki: hatsi da dusarsa, wake, ganye, nama kaɗan. Kwaɗon zogale da rama, da fate, da tuwon dawa miyar kuka ba su yi nisa da wannan ba.

Shin ko kun san kunun aya na da ɗan'uwa a Turai? A Balensiya ana jiƙa aya, a markaɗa, a tace, a sa sukari, a sha da sanyi. Sunansa horchata, kuma garin Alboraya da shi ya yi suna, har da shagunan da ba abin da suke sayarwa sai shi da wani dogon burodi mai zaƙi da ake tsomawa. Ayar da suke nomawa tana da hatimin doka da ke kare sunanta, ba mai iya liƙa wa wata aya sunan Balensiya. Sai dai gonakinsu ba sa isar su, don haka suke sayo ƙari daga Afirka ta Yamma, daga Nijar da Mali da Burkina Faso. A Nijar kuwa jihar Maraɗi, maƙwabciyar Katsina, ita ce uwar noman aya. Buhun da Bahaushe ya tono ya sheƙe, shi ake wankewa a tantance a can, a mai da shi madara da gari da mai, a zuba a kwali a sayar a kantunan Turai da ninkin kuɗin da aka biya manomi. Namu kunun, mai dabino da kwakwa da citta, ya fi nasu kayan haɗi, amma a robar da aka sha ruwa ake ɗura shi, kuma in ba ƙanƙara ba ya kai yamma.